Aikin da ba a yi wa kirari

Duk wanda aka taɓa rubuta wa gwajin bayan gida a asibiti, in ya dubi 'yar takardar da aka miƙa masa zai ga an zana kalmar Ingilishi "stool". Asalin kalmar bai haɗa hanya da ƙazanta ba. A tsohon Ingilishi, fiye da shekara 1,000 da suka wuce, ma'anarta kujera, har da gadon sarauta, kuma har gobe Bature da wannan suna yake kiran 'yar kujerar da ba ta da majingina. Abin da ya faru shi ne, manyan Ingila na da wata kujera mai siffar akwati, an huda samanta an ajiye tukunya a ciki, ita ce masai ɗinsu na cikin ɗaki. Sai zuwa kujera ya zama sakaya zance. Wajen ƙarni na 16 kuma sunan kujerar ya koma kan abin da ake bari a cikinta. A fadar Sarki Henry na 8, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1547, akwai muƙami sukutum na mai kula da wannan kujera, kuma ba ƙaramin bafade ake naɗawa ba, domin shi ke keɓewa da sarki, shi ke sanin halin da cikin sarki yake ciki. Sai a 1901 aka daina naɗa muƙamin.

Mu ma hanyar da muka bi ke nan. Mukan ce bayan gida, ko kewayawa, ko an fita daji. Ɗaliban Ahalari da Ishmawi sun san gayaɗi, wanda a Larabci asalinsa kwari ne, wato ƙasa mai gangare inda mutum kan faku daga idon jama'a. Kowa ya ambaci wurin ya bar abin. A zaure wannan kunya ado ce. Amma a ɗakin shan magani, inda aka kawo yaro ɗan wata tara idanunsa sun zurma, tana iya cin rai.

A kan titin da ya tashi daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari ya nufi Tambuwal da Jega, da ƙauyukan da ke dama da hauni, irin su Sifawa da Dingyaɗi da Kajiji da Dandin Mahe, akwai mutanen da abincinsu ya rataya a kan tsallake wannan kunya ba tare da sun keta ta ba. Su ne ma'aikatan lafiya na matakin farko, waɗanda da yawansu makarantar koyon aikin lafiya ta Sarkin Musulmi Abdurrahman da ke Gwadabawa ta yaye, da masu aikin ɗakin gwaji, da jami'an sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Maƙeri na da kirari, mahauci na da nasa, ɗan dambe har makaɗi gare shi. Wanda ya iya karanta bayan gidan yaro ba wanda ya taɓa wasa shi. Alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gudawa na kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 400,000 a kowace shekara, kuma da yawansu ba ƙwayar cutar ce ke ƙarasa su ba, ƙarewar ruwan jiki ce. Wanda ya gane hakan da wuri, shi ke tsakanin yaro da likkafani.

Gwanintar harshe

A ce safiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye. Wata tsohuwa ta shigo da jikanta a kafaɗa, uwar yaron na biye da ita, yarinya ce ƙarama, ta ja mayafi ta tsaya bakin ƙofa tana kallon bango. Ɗan fari ne, saboda haka ba za ta ambaci sunansa ba, ba za ta nuna damuwa a gaban surukarta ba.

"Sannu Inna, kun sha hanya. Mi yas same shi?"

"Haƙori na, Malama, ba wani abu ba. A ba mu allura mu koma."

Sabuwar ma'aikaciya za ta iya rubuta abin da aka gaya mata. Gwana kuwa ta san cewa mai magana daban, wadda ta ga abin daban. Sai ta yi tambayar da ba ta da nauyi a baki: "Wa ka wanke mai tsumma?" Da tsohuwa ta nuna surukarta da haɓa, sai ta roƙi Inna ta taimaka ta karɓo kati a waje. Ɗaki ya rage su biyu, ta sassauta murya.

"Ƙanwata, matso ki zauna. Tun asuba zuwa yanzu, sau nawa kinka canza mai?"

A lura, ba ta ce yana zawo ba. Wannan tambaya kowa na iya amsa ta da i ko a'a ba tare da an ƙaru da komai ba. A ƙa'idar aiki, gudawa ita ce bayan gida mai ruwa sau 3 ko fiye a yini da kwana, kuma uwar ƙauye ba ta lissafi da agogo, da salla take yi. Don haka ake bin ta daki-daki: daga asuba zuwa azahar, daga azahar zuwa magariba, cikin dare fa? Sannan kwana nawa da farawa, domin wadda ta kai kwana 14 hukuncinta daban, tana tafiya da tamowa. Sannan ruwa ne tsululu ko da kauri. Da jini ko majina. Da amai ko babu. Yaushe rabonsa da fitsari. Daga ƙarshe, abin da aka riga aka ba shi a gida. Wannan ta ƙarshen ita ce mai wuya. In aka yi ta da fuskar faɗa, uwa za ta rantse ba a ba shi komai ba, alhali ya sha jiƙo ya sha kafso daga kemis. Gwana kan yi ta kamar hira: "Kowa yakan gwada na gida kafin ya zo. Ke mi kinka gwada?"

Batun haƙori ma ba ta musu da tsohuwa. Ta san Inna ba ƙarya take yi ba, abin da ta gani shekara da shekaru take faɗi: yara kan yi zawo lokacin fitar haƙori. Sai dai dalilin ba haƙorin ba ne. Lokacin ne yaro ke fara rarrafe, dasashi na masa ƙaiƙayi, duk abin da ya tsinta sai baki, lokacin ne kuma ake fara ba shi kunu da ruwan randa. Don haka takan ce: "Gaskiya ne Inna, yana haƙori. Amma ruwan da ke fita sai mun mayar." Ta bar wa tsohuwa girmanta, ta sami abin da take so. Haka take yi da maganar shan ciki, inda ake cire yaro daga nono rana ɗaya don uwa ta sami juna biyu. Nonon mai ciki ba ya sa zawo, yayen gaggawan ne ke jefa yaro cikin wahala, amma sai an san bakin da za a faɗa kafin a ji.

Gwanintar ido

Bayan tambaya sai gani. Ma'aikaciyar da ta san aikinta ba ta ƙyamar buɗe tsumma, domin abin da ke ciki ya fi bakin kowa gaskiya.

Jariri sabon haihuwa kashinsa na farko baƙi-baƙi ne mai danƙo, kuma ana sa ran ganinsa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. In bai fito ba, ciki na kumbura, sai a duba ko hanya ce a toshe. Yaron da ke shan nono zalla yakan yi mai laushi, ruwan ɗorawa, sau da yawa a yini, kuma lafiyarsa ƙalau. Nan gwaninta ita ce a hana uwa ba shi magani, a sallame ta da kwanciyar hankali. Amma in kashin jariri ya fito fari fat ko ruwan toka, ga shawara ta ƙi wucewa bayan mako biyu, fitsari ya yi duhu, to wannan ba na ƙauye ba ne. Yana iya zama hanyar maɗaci ce ta toshe, kuma aikin da ake yi mata ya fi nasara kafin yaro ya wuce wata biyu. Sai a rubuta takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a ranar, ba gobe ba.

Jini da majina tare da murɗa da yunƙuri, atuni ke nan, kuma yana daga cikin wurare ƙalilan da maganin kashe ƙwayoyin cuta ke da aiki a gudawar yara. Sau da yawa zawon ruwa, musamman na hunturu, ƙwayar rota ce ke kawo shi, kuma kafso ba ya taɓa ta. Sai dai jini ba kullum atuni ba ne. Jaririn da ke tsandara ihu yana naɗe ƙafafu, ya yi shiru, ya sake, sannan ya fitar da jini cakuɗe da majina, mai yiwuwa hanjinsa ne ya shige cikin juna, maganinsa kuwa na hannun likitan fiɗa. Wanda ya ba shi maganin atuni ya sallame shi ya yi kisa da kyakkyawar niyya. Babba kuma in ya yi baƙi ƙirin mai danƙo da wari, ana zargin jini ne ke zuba daga can sama, daga tumbi. Amma gwana za ta fara tambaya ko mai ciki ce da ke shan maganin ƙarin jini, don shi ma yana baƙanta shi ba tare da wata illa ba.

A 1997 wasu likitoci biyu a birnin Bristol na Ingila, Ken Heaton da Stephen Lewis, sun wallafa ma'auni mai hawa 7, daga mai tauri ƙulu-ƙulu har zuwa ruwa zalla, don majiyyaci ya nuna hoto da yatsa ya huta da bayani. Ma'aikaciyar ƙauye na da irin wannan tsani a kanta da Hausa: irin na awaki, mai tauri, mai laushi, mai kama da kunu, tsululu. Takan jera su, uwa ta ɗaga kai a kan wanda ya dace.

Akwai guda ɗaya da ba a jira a gama tambaya a kansa. Ruwa ne fari-fari mai kama da ruwan wankin shinkafa, yana zuba ba murɗa, babba ya zube cikin 'yan sa'o'i. Wannan amai da gudawa ce, kwalara, wadda in ta yi tsanani mutum na iya zubar da kusan lita guda a sa'a. Damina ce lokacinta, sa'ad da ruwan sama ke kwaso abin da aka bari a bayan gari ya zuba a rijiya da tafki. A 2021 hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta Najeriya ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Sakkwato na cikin jihohin da suka ji jiki. A irin wannan rana, ma'aikacin da ya gane ta a kan mutum na farko, ya ware shi, ya ɗaura ruwa, ya kira jami'in sa ido, ya tambayi rijiyar da gidan ke sha, ya ceci mutanen da ba zai taɓa sanin sunansu ba.

Gwanintar hannu

Da an gane irin gudawar, saura a auna ɓarnar da ta yi, kuma babu na'ura a wannan aiki. Ma'aikaciya kan dubi yaro: yana wasa, ko yana rigima, ko ya yi laƙwas? Idanu sun faɗa? Takan shafa maɗiga. A gida in maɗiga ta lotsa akan ce ta faɗa, a shafa mata magani a kai, ita kuwa ta san ruwa ne ya ƙare a jiki. Sai ta miƙa masa ruwa a cokali. In ya wawura yana haɗiya da zafi-zafi, ƙishi ne, da sauran ƙarfi. In ya kasa sha, abin ya yi nisa. Sannan ta kwantar da shi rigingine, ta kama fatar cikinsa da babban yatsa da manuni, tsakanin cibiya da gefe, ta ɗaga ta saki. Fatar mai lafiya nan take take komawa. In ta tsaya a tattare fiye da daƙiƙa 2, wannan yaro ruwan jijiya yake bukata yanzu-yanzu.

Wanda bai kai can ba, maganinsa na cikin ƙunshin gishiri da sukari. Ƙunshi guda a lita guda ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiyawata biyu, ba a ragewa don ya yi ƙarfi, ba a ƙarawa don ya daɗe, kuma abin da ya kwana ya wuni zubarwa ake yi. Ƙa'ida ita ce mililita 75 a kan kowane kilo cikin sa'a 4. Yaro mai kilo 8 ke nan zai sha mililita 600. A takarda abu ne mai sauƙi. A aikace kuwa, zama ne kusa da uwa ana ɗura cokali ɗaya duk minti ɗaya ko biyu, ana ci gaba da ba da nono. Yaro ya yi amai, uwa ta karaya, tsohuwa ta ce dama ta faɗa allura ce magani. Gwana ta ce a dakata minti 10, a ci gaba a hankali. Can wajen sa'a ta uku sai yaro ya buɗe ido, ya kai hannu ga ɗankwalin uwarsa, ya jiƙa zane da fitsari. Masu aikin sun san babu albishir kamar wannan fitsari.

Hikimar da ke cikin ƙunshin ita ce, ko hanji na zubar da ruwa, ƙofar da sukari ke shiga ba ta rufewa, kuma sukari ba ya shiga shi kaɗai, da gishiri yake tafiya, ruwa kuma ya bi gishiri. Masana a Dhaka da Kolkata suka gwada wannan a kan masu kwalara a ƙarshen shekarun 1960. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, wani likitan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya sami kansa a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon, ruwan jijiya ya ƙare. Ya dama gishiri da sukari a duro, ya sa dangi su riƙa shayar da majiyyata. Mace-macen da ke kusan 30 cikin 100 suka sauko ƙasa da 4 cikin 100. A Najeriya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya dage har ruwan gishiri da sukari ya shiga rediyo ya shiga gidaje. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, wadda ke rage tsawon ciwon ta kuma hana shi saurin dawowa. A 2022 aka sa rigakafin rota cikin jerin na yara a ƙasar nan. Duk wannan ilmi, daga Dhaka har Abuja, ba ya isa cikin yaro sai ta hannun wadda ta iya riƙe cokali ta kuma iya lallashin kaka.

A ɗakin gwaji

Wani lokaci ido bai isa ba, sai madubin gwaji. Nan ma aikin tun daga bakin ƙofa yake farawa. Mutane kan kawo abin a kwalin ashana, ko a ganye, ko wanda ya kwana. Mai gwaji kan ba da 'yar roba mai murfi, ya yi bayani ba tare da ya ɗaga murya ba: sabo, kaɗan, kada ya haɗu da fitsari ko ƙasa. Gaggawar na da dalili. Ƙwayar amiba da ke kawo wani nau'in atuni ana gane ta ne da motsinta, tana jan jiki da jajayen ƙwayoyin jini a cikinta, kuma in abin ya huce, cikin kamar rabin sa'a, ta daina motsi ta saje da tarkace.

Sai ya ɗauki gilashi, ya ɗiga ruwan gishiri a gefe guda, aidin a ɗaya gefen. Ya taɓa da bakin tsinke, ya dama, ya rufe da siririn gilashi. Kaurin damun ma ilmi ne: in ya yi yawa ba a ganin komai, in ya yi kaɗan a rasa abin da ake nema. Ma'auninsu shi ne a iya karanta rubutun jarida ta cikinsa. Daga nan sai bin fili layi-layi, daga kusurwa zuwa kusurwa, ba tsallake. Ƙwan babbar tsutsar ciki ruwan ƙasa ne mai ƙurji-ƙurji a baya, macenta kuwa na iya zuba kimanin ƙwai 200,000 a rana. Ƙwan tsutsar da ke shiga ta tafin ƙafa tana shan jini ɓawonsa siriri ne garai-garai. Akwai kuma mai ƙaya a gefe, na 'yar'uwar tsargiya da ke zama a jijiyoyin hanji, ita tsargiyar fitsari ƙayar ƙwanta a ƙarshe take. Inda duk ruwa ke kwanciya yara na wanka masunta na shiga, kamar madatsar ruwan Shagari da fadamun da ke kewaye, mai gwaji kan riƙe wannan a ransa, domin dodon koɗin da ke ɗauke da cutar a irin ruwan nan yake.

Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne sanin abin da ba cuta ba. Kumfar iska, zaren ganyen miya, ƙurar furanni, ɓarɓashin gero, kowanne na iya yin kama da ƙwai ga idon da bai saba ba. Wanda bai ƙware ba kowa ya zo sai ya gano masa wani abu. Gwani na da ƙarfin halin rubuta cewa bai ga komai ba. In kuma binciken makarantu ake yi don raba maganin tsutsa, akwai hanyar Kato-Katz, mai ɗauke da sunan wani masanin Japan da wani na Barazil: a cika ɗan rami mai ɗaukar miligiram 41.7, a ƙirga ƙwai, a ninka sau 24, a sami yawansu a giram guda. Da irin wannan ƙirga ake sanin ƙauyen da za a fara kai wa magani.

Akwatin sanyi a bayan babur

Mutane da yawa sun san masu ɗiga maganin shan inna gida-gida. Kaɗan ne suka san cewa hujjar da aka kafa aka ce an ci nasara daga bayan gidan yara ta fito. Ƙwayar shan inna a hanji take zama, ta nan take fita, kuma cikin kimanin yara 200 da ta kama, ɗaya ne take shanye wa ƙafa. Saboda haka duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, dole a bincika. Labarin kan fara zuwa ne ga mai ɗori, ko wanzami, ko ungozoma, ko mai kemis, shi ya sa jami'in sa ido na kirki ke abota da su duka.

Da ya ji, sai ya hau babur. Ana bukatar samfuri biyu, tsakaninsu aƙalla sa'a 24, cikin kwana 14 da sakin ƙafar, kowanne kamar girman babban yatsa. Yaro kuwa ba ya yi don an ce ya yi. Jami'i kan wuni a ƙofar gida, ya sha fura da mai gida, ya amsa tambayar da ba ta da daɗi: me gwamnati za ta yi da kashin ɗana? Wanda bai iya baki ba a nan ake korarsa. In ya samu, sai ya rufe, ya rubuta lamba, ya sa a akwati tsakanin ƙanƙara, domin dole sanyin ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8, a ƙasar da zafin bazara ke haura 40. Daga ƙauye zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, zuwa Sakkwato, zuwa ɗaya daga ɗakunan gwajin shan inna biyu na ƙasa da ke Ibadan da Maiduguri, ana so ya isa cikin kwana 3. In ƙanƙara ta narke a hanya, ƙwayar na iya mutuwa, gwaji ya ce babu alhali akwai. Tun 2012 kuma ake ɗibar ruwan magudanai a birnin Sakkwato don farautar ƙwayar tun kafin ta shanye kowa. Da irin waɗannan robobi, dubbai a kan dubbai, aka tabbatar cewa tun bayan waɗanda aka samu a Barno a 2016 ba a sake ganin ƙwayar ta asali ba, har aka ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta, 2020. Aikin bai ƙare ba, don akwai wani rikiɗaɗɗen nau'i da ke ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci, kuma jihohin arewa maso yamma na cikin wuraren da ake fama da shi.

Wanda ke ganin wannan aiki ƙasƙanci ne ya manta ƙasar da yake tsaye a kai. Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa har 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, kuma littattafan fiƙihun da suka karantar da babin tsarki suke somawa, ana bayanin kama ruwa dalla-dalla ba a sunkuyar da kai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, yana riƙe da daula ya zauna ya rubuta littafi a kan maganin basir. Malaman nan sun raba tsakanin kunya da jahilci.

Abin da masu wannan aiki ke bukata ba shi da tsada: safar hannu, sabulu, ruwa a asibiti, ƙunshin gishiri da sukari da zinc da ba sa yankewa, firjin da ke daskarar da ƙanƙara, man babur, da albashi a kan kari. Suna bukatar iyaye su bar 'ya'yansu mata su tafi Gwadabawa, domin akwai amsar da matar aure ba za ta taɓa ba namiji ba. Suna bukatar masu unguwanni su tsaya a kan haƙa masai, kamar yadda Jigawa ta yi har aka ayyana ta a 2022 jihar farko da ta daina bahaya a fili. Ita kuma uwar da za ta kai yaro asibiti gobe, ta ci gaba da ba shi nono da ruwa a hanya, ta ƙulle tsumman ƙarshe a leda ta tafi da shi, ta kuma shirya amsa uku a bakinta: kwana nawa, sau nawa, da jini ko babu.